Wane CEG zan kai ɗiyata? Ki fara da duba awoyin da babu malami a aji

Tambaya: "Ɗiyata ta gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, bana, shekarunta 12. An tura ta wani CEG, wato kwalejin gwamnati, mai nisa da mu, sai ta tsallake babbar hanya ta bi ta gefen kasuwa, amma ana yabon karatunsa. Akwai wani kusa da gida, sai dai maƙwabta suna cewa yaran can ba su da tarbiyya. Ba mu da halin makarantar kuɗi. Wanne ya fi mata tsaro, kuma ta yaya zan gane?"

Hajiya, Allah ya raya ta, ya yi wa karatunta albarka. Na yi aikin surbeyan, wato mai sa ido kan ɗalibai, a kwalejojin gwamnati a nan jihar Maraɗi, daga baya na riƙe darakta har na ajiye aiki, don haka abin da zan faɗa miki daga cikin harabar makaranta na gan shi.

Ba zan ambaci sunan wani CEG in ce shi ne nagari ko shi ne lalatacce ba. Ba tsoro ya hana ni ba. Kwaleji tana canza hali da canjin mutum biyu kawai, darakta da babban surbeyan, kuma ana sauya musu wurin aiki. Sunan da makaranta ta yi a bakin mutanen unguwa yakan kasance labarin shekarun baya ne, ko labarin wani abu guda da ya faru aka yi ta maimaita shi a gidajen biki. Haka ma yabon da ake yi wa waccan mai nisa. In kin bincika, sau da yawa za ki tarar sakamakon BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, ake nufi. To, BEPC yana ba ki labarin waɗanda suka kai aji na huɗu ne, tirwaziyem. Bai ce komai ba game da waɗanda suka shiga sizyem, aji na farko, tare da su suka zube a hanya. Makaranta tana iya samun sakamako mai kyau saboda ta kori rabin yaranta tun a shekara ta farko da ta biyu. Ke kuwa ɗiyarki sizyem za ta shiga, nan ne ya kamata hankalinki ya tsaya.

Ga abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. A firamare, malami ɗaya ne ke tare da yarinya daga safe har tashi. Ya san sunanta, ya san wurin zamanta, in ba ta zo ba ya gani tun kafin ya ɗauki alli. Ranar da ta shiga kwaleji wannan ya ƙare. Mai faransanci zai shigo ya yi awarsa ya fita, mai lissafi ya shigo ya fita, mai ingilishi haka, kowanne yana da wasu azuzuwa da ke jiransa, kuma a cikin gari ba abin mamaki ba ne ka shiga sizyem ka tarar da yara sun haura 80. Babu wanda yarinya take hannunsa wuni guda. Kusan duk wata ɓarna da na gani ta sami yaro a kwaleji, ba cikin darasi ta same shi ba. Ta same shi ne a awar da malami bai zo ba, ko lokacin rekireyasiyo, wato hutun tsakanin darussa, ko tsakanin ƙofar makaranta da ƙofar gida.

Awoyin nan da babu malami suna da yawa fiye da yadda kike zato. Akwai waɗanda ke cikin tsarin darussa tun asali, aji ya gama ƙarfe goma sai kuma sha biyu. Akwai na farkon shekara, lokacin da wani darasin ba a turo malaminsa ba har a ci makonni. Akwai ranakun da malaman kwantiragi suka shiga yajin aiki kan kuɗinsu da ba a biya ba. Akwai malamin da ke da awoyi a makarantar kuɗi, ya makara ko ya tafi da wuri. Akwai kuma ranar da ƙungiyar ɗalibai ta USN ta kira yajin karatu, manyan ɗalibai su zo su fitar da ƙanana daga aji. A duk waɗannan, uwa tana gida hankalinta kwance, ta san ɗiyarta tana makaranta har azahar, alhali tun hantsi yarinya take waje. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce wannan: in malami bai zo ba, ina yaran suke zama, kuma wa ke kallonsu? Makarantar da ke riƙe su cikin aji, surbeyan yana leƙawa, shugaban aji yana da aikin da aka bar musu a allo, ita ce mai tsaro ko da gininta ya tsufa. Wadda ke buɗe ƙofa ta ce kowa ya kama gabansa, ko fentinta yana sheƙi, ni ba zan kai jikata can ba.

Wannan ba a gane shi da tambaya kaɗai, sai kin je da ƙafarki. Kada ki je ranar buɗe makaranta, ranar kowa yana wurinsa. Ki bari a yi mako biyu ko uku da fara karatu, ki je ranar Litinin, ranar da kasuwa ke ci, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya. Kafin ki shiga, ki sami inuwa daga nesa ki tsaya kamar rabin awa. Ki ga ko akwai katanga da ta zagaye makarantar, ko kuwa mutane da babura da awaki suna ratsa filin don yanke hanya. Ki ga ko ƙofa ɗaya ce kuma da mai gadi a bakinta, ko yara suna fita suna shiga yadda suka so. Ki ƙirga da ido ɗaliban da ke yawo a waje da jakunkunansu lokacin da ya kamata su kasance cikin aji. Ki dubi su wa ke zaune a kewayen wurin. Mai kunu da mai ƙosai da mai awara ba matsala ba ne, sau da yawa ma tsofaffin matan nan su ne suka fi kowa sanin abin da ke faruwa, in kin gaishe su kin sayi na dala ashirin za su ba ki labarin makarantar tas. Abin dubawa shi ne fadar samari da ba ɗalibai ba, an kafa benci da butar shayi daidai inda ƴan mata ke wucewa, ko ƴan kabu-kabu da ke ajiye babur ba sa ɗaukar kowa sai an tashi, ko mai tebur ɗin magani da samari ke zuwa wurinsa su sayi abu a ɓoye cikin hannu. Tramol ya shiga unguwanninmu, kuma yaron da ya fara shi a kwaleji yawanci a bakin ƙofar makaranta aka fara miƙa masa.

Daga nan ki shiga, ki nemi ofishin surbeyan kafin na darakta. Darakta zai karɓe ki da kyau, amma surbeyan ne ke riƙe da ranar ɗiyarki. Ki tambaye shi su nawa ne a aikin, kuma ko da mace a cikinsu, don akwai maganar da yarinya ba za ta iya kai wa namiji ba. Ki roƙe shi ya nuna miki littafin da ake rubuta waɗanda ba su zo ba. In ya jawo shi nan take, kika ga na jiya da na yau a cike awa bayan awa, da sa hannun malamai, to ana aiki. In sai da aka yi ta lalube cikin kabad, aka fito da shi da ƙura, rubutun ƙarshe na makon jiya, kin sami amsarki. Sai ki tambaye shi: in ɗiyata ba ta shigo ba yau, yaushe zan sani? Amsar da nake so ki ji ita ce yau ɗin nan ko gobe da safe, ta waya ko da takardar kira. Makarantar da sai a takardar sakamako uwa ke ganin ɗiyarta ta yi fashin awa arba'in, ta bar yarinya ta yi nisa kafin kowa ya farga.

Kada ki fita ba ki ga makewayi ba, ko da kunya ta kama ki. Ki ce a nuna miki na ƴan mata. Ki duba ko a ware yake da na maza, ko yana da ƙofa mai rufuwa, ko akwai ruwa kusa, kuma ko a inda idon manya ke kaiwa yake ko can bayan gini inda babu mai bi. Na daɗe ina faɗa wa iyaye maza wannan suna ganin ƙaramin abu ne. Yarinya mai shekara 12 tana gab da fara ganin al'ada, wataƙila cikin shekarar nan. In babu wurin da za ta gyara jikinta, abu biyu za ta yi: ko ta zauna gida kwana uku ko huɗu kowane wata, darussa su wuce ta har ta gaza samun 10 bisa 20, ko ta riƙa fita tana shiga gidajen mutanen da ba ki sani ba tana roƙon makewayi. Wasu kuma sukan ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Famfo mai aiki da makewayi mai ƙofa sun fi mini ɗakin kwamfuta a lissafin tsaron ɗiya mace.

Ki tambaya kuma a wane irin aji ake sa ƴan sizyem. Inda azuzuwa ba su isa ba, ƙananan ne ake turawa ajin zana, manya su riƙe na siminti. Babu mutumin Maraɗi da ya manta 8 ga Nuwamba 2021, ranar da wuta ta kama azuzuwan zana a wata firamare a garin nan, yara aƙalla 25 suka rasu, watanni kaɗan bayan irin wannan gobara ta cinye yara 20 a Yamai cikin Afrilun shekarar. Allah ya jiƙan su. Ban ce ki ƙi makaranta don tana da rumfar zana ba, da yawa ba su da zaɓi. Amma ki duba ko rumfunan a manne suke da juna, ko kowace tana da mafita mai faɗi, kuma ko masu tuya suna hura wuta a jikinsu. Ki lura da inda ruwa ke kwanciya ma. Ruwan ƙarshen Agusta 2024 ya nuna mana abin da zai iya yi wa garin nan, kuma a shekarar sai 28 ga Oktoba aka koma makaranta a ƙasa baki ɗaya saboda ambaliya. Katangar da ta faɗi a damina aka bar ta a haka tana gaya miki yadda ake kula da wurin.

Yanzu maganar hanya, wadda ita ce ta fi damuna cikin tambayarki. Yarinya za ta bi hanyar nan safe da rana, shekara huɗu. Ki bi ta tare da ita a ƙafa, a daidai lokacin da za ta riƙa bi, ba da yamma da sanyi ba. Babbar hanya da manyan motocin da ke zuwa Ɗan Isa da Katsina ko Damagaram suke bi, ga adaidaita da babura suna kutse, ba wurin tsallakar yarinya ita kaɗai ba ne da sassafe, balle a hunturu da ƙura ta rufe ido. Gefen kasuwa da tasha kuma nan ne ake saba mata da tsayawa. In kuka ce kabu-kabu zai riƙa kai ta, ki lissafa kuɗin wata tara, ki kuma tambayi kanki ranar da babu kuɗin me zai faru. Abin da na gani shi ne, ranar da babu kuɗin babur, akwai wanda zai ce ta hau kyauta, kuma kyautar nan tana da ranar biya. In dole sai babur, a sami mutum ɗaya sananne, wanda maigidanki ya san gidansu, a riƙa biyan sa daga gida, kuɗi kada ya bi ta hannun yarinya.

Saboda haka ra'ayina, in sauran abubuwa sun yi kusa da juna, ta kusa ta fi. Yarinyar da ke tafiya cikin unguwarsu, duk wanda ta wuce ya san ɗiyar wane ce. In an tashe su ƙarfe goma, kafin ki sauke tukunya ta iso. Ke ma kina iya leƙawa makarantar ba sai kin nemi kuɗin mota ba, kuma malamai suna canza yadda suke kallon yaron da aka san fuskar uwarsa. Mai nisa ba za ta rinjaye ta ba sai in kin je kin ga ta kusa ta faɗi a abubuwan da na ambata, ba katanga, ba kiran suna, ba makewayi, sannan kuma ɗiyarki tana da abokan tafiya, ƴan mata biyu ko uku daga layinku da za su riƙa fita tare su dawo tare.

Game da "ba su da tarbiyya" da maƙwabta ke cewa, ki tambaye su me suka gani da idonsu. In sun ce faɗa da makami, ko shaye-shaye cikin haraba, ko malami da aka kama da ɗaliba aka rufe maganar, wannan abin ɗauka ne da gaske. Amma sau da yawa in ka matsa, abin da ake nufi shi ne yaran talakawa ne, ko yaran ƙauye da aka kawo riƙo cikin gari. Wannan yana ɓata mini rai. Yaran da suka zo daga ƙauyukan Madarunfa ko Gidan Runji, wasu ma rashin tsaron bakin iyaka ne ya koro iyayensu, suna kwana gidan wani, su yi aikin gida kafin su fito, su zo aji ba karin kumallo, kuma cikinsu na ga mafi natsuwa da ƙwazo. Ba su ne haɗarin ɗiyarki ba.

Abin da ya kamata ki tambaya shi ne bambancin shekaru. A sizyem ɗaya za ki tarar da mai shekara 11 da mai 16 da ya maimaita aji, a haraba ɗaya kuma da ƴan tirwaziyem da suka zama samari sosai. Makarantar da ta san aikinta takan ajiye azuzuwan ƙanana kusa da ofis, ba ta tara duk masu maimaitawa a aji ɗaya da sababbi, kuma tana hukunta babban da ya ƙwace wa ƙarami kuɗin abinci. Ki tambayi yadda ake horo. Ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana duka a makarantu, kuma ni na lura inda bulala ta yi yawa nan ne yara suka fi ɓoye abin da ke damunsu, don wanda kake tsoro ba ka kai masa kuka.

Akwai maganar da ba a son faɗa, amma ke uwa ce, dole in faɗa miki. Mafi yawan malamai mutanen kirki ne masu aiki cikin wahala. Amma ana samun wanda ke amfani da maki wajen neman ɗaliba, kuma hanyarsa kusan kullum ɗaya ce: ƙarin darasi da yamma a ɗakinsa, aike zuwa gidansa, neman lambar waya, saƙon WhatsApp da dare. Ki kafa wa ɗiyarki doka tun yanzu, cikin lalama ba da tsawa ba: ba ta zuwa gidan malami, ba ta karɓar kuɗi ko kyauta, ƙarin darasi sai a makaranta cikin jama'a ko a zauren gidanku. Ki tabbatar mata in ta faɗa miki wani abu ba ita za a daka ba, ba kuma za a cire ta daga makaranta a yi mata aure ba, don tsoron wannan ne ke rufe bakin ƴan mata. Doka tana bayanki: tun 5 ga Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare ɗiya mace da tallafa mata a kan karatu har ta kai shekara 16. In abu ya faru darakta ya yi sanyi, akwai hukumar ilimi da ke samansa, akwai sashen ƴan sanda mai kula da mata da ƙananan yara, akwai alƙalin yara a kotu.

Ki tambayi darakta yaushe COGES, wato kwamitin gudanar da makaranta, da ƙungiyar iyayen yara suka yi taro na ƙarshe, da abin da aka yi da kuɗin da iyaye suka tara bara. Inda za a nuna miki ƙofar da aka gyara ko albashin mai gadi da ake biya daga ciki, iyaye suna da ido a wurin. In akwai ƙungiyar iyaye mata, ki shiga. Uwa ɗaya in ta kai ƙorafi ana iya ce mata ta dawo gobe, goma in suka zo tare ana ba su kujera.

In akwai CEG na faransanci da larabci kusa da ku, shi ma na gwamnati ne kuma yana kai wa ga BEPC, sai dai ya fi sauƙi ga yarinyar da ta taso a wannan tsarin tun firamare. Shi ma ki auna shi da ma'aunin nan, sunan larabci ba ya maye gurbin katanga da surbeyan.

In kin yanke shawarar canzawa, ku fara da daraktan makarantar da kuke so, ku ji ko akwai gurbi, sannan maigidanki ya rubuta takardar neman canji ya kafa hujja da nisan gida da shekarun yarinya, a bi da ita ta hukumar ilimi. Ku yi da wuri, don azuzuwan sizyem suna saurin cika. Kada ku ba wani ɗan tsakiya kuɗi ya sa sunanta a aji ta bayan fage. Irin wannan yaron yakan yi shekaru yana karatu, sai lokacin haɗa takardun BEPC a tarar sunansa ba ya cikin rajista yadda ya kamata.

Duk wadda kika zaɓa, watanni biyun farko ki sa ido sosai. Ki kwafi jadawalin darussanta ki manna a bango don ki san ranar da take tashi da wuri. Ki karɓi lambar surbeyan da ta babban malamin ajinsu, ki ba su taki. Ki riƙa buɗe littattafanta ko da ba ki karanta faransanci, kwanan wata a saman shafi ya isa ya nuna miki ko an yi darasi yau. Ki san ƙawarta ta benci, ki san gidansu, ki gaisa da uwarta. In kika ga ciwon ciki da ba ya tashi sai safiyar makaranta, ko kuɗin abinci da ke ƙarewa tana dawowa da yunwa, ko wani abu sabo a jakarta da ba ke kika saya ba, kada ki jira takardar sakamako, washegari ki shirya ku tafi makarantar tare.